Mayaƙa cikin ɗan buhun algarara

Wanda ya saba bin hanyar Yamai zuwa Maraɗi ya san tafiya ce ta wuni guda, fiye da kilomita 600, in Allah ya kiyaye taya da ramukan gudron. Kar ta tashi tun kafin asuba, rana ta fito maka a Doso, ka yi hantsi a Dogon Dutsi, ka sha ruwa a Birnin Ƙonni, ka wuce rumbunan albasar Galmi da Madawa, sa'an nan Gidan Rumji da Tsibirin Gobir, kana da la'asar ka shiga birnin Katsinawa. Na yi wannan tafiya cikin watan Agusta na shekarar 2025, lokacin da hatsi ya yi ciki ya soma fid da kai, ƙasa ta yi kore shar tun daga bakin hanya har iyakar ganin ido.

Abin da ya tashe ni daga Yamai magana ce da na ji ta ba ni dariya. Ƙanen wani abokina, ɗalibi a sashen ilimin noma na jami'ar Maraɗi, shi ya gaya mani ta waya cewa shi da ƴan ajinsu za su kai ƙwari ƙauye domin su tsare hatsi. Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na ce masa mu dai a gidanmu ba a ba kura ajiyar nama, kuma ban taɓa jin manomin da ya yi wa ƙwaro maraba a gona ba. Ya ce to in zo in gani da idona. Gani ya kori ji, shi ya sa na sayi tikiti.

Maraɗi ba baƙon gari ba ne ga masu karanta wannan shafi, da yawanku nan ne rumfunanku suke. Gari ne da sarakunan Katsina suka kafa bayan jihadi ya fitar da su daga birninsu, ya zauna cikin fadamar gulbi har ambaliyar 1945 ta kore shi zuwa tudu, gujiya ta yi masa arziki, iyakar Nijeriya ta ƙara masa. An san shi da alhazai da manyan motoci da sito-sito. Abin da ba a cika lissafa shi da shi ba shi ne bincike, alhali tashar gwajin iri ta Tarna tana nan bakin gari tun zamanin Turawa, cibiyar binciken noma ta ƙasa, wato INRAN, wadda aka kafa a 1975, ta gaje ta. A shekarar 2010 kuma gwamnati ta buɗe jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa, bayan shekaru kusan arba'in duk ɗan talakan da ya ci jarrabawar bak sai ya ɗauki akwati ya nufi Yamai. Ta Maraɗi tana ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ɗan garin, malamin kimiyya kuma tsohon ministan ilimi.

Washegari da safe yaron ya kai ni ɗakin da suke kiwon ƙwarin. Na yi tsammanin injuna da fitilu irin na sinima. Na tarar da bokitai da akwatuna jere bisa katako, an rufe bakin kowane da ƙyalle, ɗakin yana warin tsohon rumbu. Cikin bokitan hatsi ne da gari, cikin garin kuma tsutsa ce fara, irin wadda matan gida ke tsinewa in ta shiga tsaba ta yi mata saƙa. Su kuwa a nan kiwonta ake yi da gangan, ana lallashinta, domin ita ce abincin wanda ake nema. Wanda ake nema ɗin sai da aka miƙo mani kwalba na kanga ta ga haske kafin na gan shi: ɗan ƙwaro ne mai fiffike, bai kai ƙwayar shinkafa ba, milimita biyu zuwa uku, ruwan ƙasa-ƙasa. Masana suna ce masa Habrobracon hebetor. Ba daga Turai aka kawo shi ba, ɗan ƙasa ne, yana nan cikin dajinmu da rumbunanmu tun kakanni, mu ne dai ba mu san shi ba.

Abokiyar gabarsa kuwa duk wanda ya taɓa riƙe hauya ya san ta. Murzuna ke nan. Ina ƙaramin yaro na sha ganin mahaifina ya kamo zangarniya, ya juya ta a hannu, ya ga wannan zane da ya nannaɗe ta daga gindi zuwa kai kamar an murɗa igiya, ya girgiza ta tsaba ta zube kamar ƙaiƙayi, ya yi shiru. Abin da ke ƙona rai ga murzuna shi ne lokacin zuwanta. Fari yana zuwa da wuri mutum ya san matsayinsa. Ita sai ta bari an yi shuka, an yi noman fari, an yi maimai, an ci bashin da za a ci, hatsi ya fid da kai har maigida ya soma lissafin damma a zuci, sa'an nan ta shiga.

Ga yadda take yi, kamar yadda ɗaliban suka warware mani. Uwarta wani ɗan malam-buɗe-littafi ne na dare, wanda ke fitowa daga ƙasa kamar wata guda bayan ruwan shuka. Yakan bi zangarniyar da ta fito sabuwa ya zuba ƙwai a kanta. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta soma da cin bununi, in ta yi ƙarfi ta shiga tsakanin tsaba da sanda tana yanke ƴan jijiyoyin da ke riƙe da kowace ƙwaya, tana zagayawa, shi ne zanen da muke gani. In ta ƙoshi ta sauko ta nutse cikin ƙasa, ta ƙudundune, ta kwana nan rani duka, sai wata damana. Haihuwa ɗaya take yi a shekara, amma ɗayar ta isa. Masu bincike sun lura ɓarnarta ta tsananta a ƙasashen Sahel bayan babban farin shekarun 1972 zuwa 1974, kuma an auna wuraren da ta cinye har kashi 85 cikin 100 na amfanin gona. Feshi ba ya yi mata sosai, domin tana ɓoye cikin zangarniya, kuma wane manomi ne zai iya fesa eka biyar ta hatsin da ya fi shi tsawo?

To shi ɗan ƙwaron nan, macen ce mayaƙiya. Takan bi zanen har ta cim ma tsutsar, ta harbe ta da dafi ta sandare, ta zuba ƙwai a jikinta. Ɗiyan su fito su tsotse ta, cikin kwana goma ko ƙasa da haka in da zafi sun zama manya sun tashi neman wata. Har ma takan harbe tsutsar da ba ta yi ƙwai a kanta ba. Matsala ɗaya ce: in an bar shi da kansa, ba ya yin yawa sai ƙarshen damana, bayan ɓarna ta riga ta auku, kamar ƴan kwana-kwana da suka iso gida ya zama toka. Dabarar masu bincike ita ce su yawaita shi a ɗaki, su kai shi gona da wuri. Tun shekarar 2006 ake wannan aiki a Nijar da Mali da Burkina Faso, da taimakon gidauniyar McKnight ta Amurka, kuma a nan Maraɗi sunan Farfesa Ibrahim Bawa, masanin ƙwari, shi ne aka fi ji a kai.

Yadda ake kai shi ƙauye shi ya fi burge ni, don babu abin da ya fi shi sauƙi. Ɗan buhun algarara ne kamar tafin hannu, santimita 7 bisa 10. A zuba masa garam 50 na tsabar hatsi da garam 30 na gari, a sa tsutsar rumbu 25, a sa mata biyu na ɗan ƙwaron waɗanda suka riga suka haɗu da namiji, a ɗaure baki. Bayan kamar mako guda ɗiyan su soma fitowa ta ramukan saƙar buhun, suna ta fita har mako biyu ko uku, kowane buhu ya ba da 60 zuwa 70. Buhu 15 ake ba gari guda. Mayaƙa dubu ke nan, ko kusa da haka, cikin kwalin da yaro zai iya ɗauka a ka.

Mun bar Maraɗi da hantsi, mu shida: ɗalibai huɗu, biyu mata biyu maza, da direba da ni. Muka bi hanyar Damagaram har Cadawa, muka karya arewa ta hanyar Mayahi, daga nan muka sauka cikin rairayi. Ƙasar nan ta cika da itace fiye da yadda iyayenmu suka ba mu labarinta a shekarun fari; tun wajen 1983 manoman Maraɗi suka koma barin tohon itace in suna sassabe, ga gawo nan birjik cikin gonaki, tsirara ba ganye, kamar yadda ya saba yi da damana don ya bar wa hatsi rana. Ba mu yi nisa ba taya ta fashe. Mu maza muka taru kan taya, amma ɗaya daga cikin ƴan matan ko kallonmu ba ta yi ba, ta sungumi kwalin ta ruga gindin wata bedi, ta jiƙa ɗankwalinta na biyu ta lulluɓa masa. Ta ce in kwalin ya yi awa guda cikin mota a rana, to gawa za mu kai. Nan na fara gane irin hajar da muka ɗauko.

An tarbe mu da fura a ƙofar gidan maigari. Bayan azahar aka shimfiɗa tabarmi, dattawa gaba, samari a tsaye baya, mata can gefe wajen danga, yara kuwa ko'ina. Babban ɗalibin ya miƙe, ya gaida maigari, ya soma bayani. Minti biyar bai yi ba na ji tausayinsa ya kama ni, domin na ga kaina. Yaron Bahaushe ne uwa da uba, amma duk abin da ya sani game da ƙwari da Faransanci ya san shi. Sai ya kama jimla da Hausa, ya kai tsakiya ya yi karo da kalmar da ba ta da Hausa a bakinsa, ya jefa ta yadda take, ya ci gaba. Dattawa suna gyaɗa kai irin na ladabi. Ni ma haka na yi shekaru a lise ina haddace sassan fure da rayuwar ƙwari, ina cin jarrabawa, ban taɓa iya gaya wa mahaifina ko abu ɗaya daga ciki ba a gonarsa. Lakwal ta ba mu ilimi cikin akwati, ta riƙe mabuɗin.

Yarinyar nan mai kwali ita ta fid da mu. Ta nemi izini, ta durƙusa gaban wani tsoho mai farin gemu ta ce: «Baba, ka san zanzaro?»

Ya ce: «Ɗiyata, wa bai san zanzaro ba? Ga ɗakinsa can jikin zaure.»

Ta ce: «In aka fasa ɗakin, me ake tararwa ciki?»

Ya ce: «Tsutsa. Yakan ɗauko ta ya rufe, ta rikiɗe ta zama ɗansa.»

Ta ce: «To Baba, ba rikiɗa take ba. Harbinta yake ta sandare, ya yi ƙwai a kanta, ɗansa ya fito ya cinye ta. Wannan da muka kawo ƙanen zanzaro ne. Shi ba ya gini. Murzuna yake bi har cikin zangarniya ya yi mata haka.»

Wurin ya ɗauki guna-guni. Tsohon ya ce shekararsa saba'in yana ganin ɗakin zanzaro, yau ɗiyar cikinsa ta gaya masa abin da ke ciki. Aka aiki yaro ya ɓamɓaro ɗakin daga zaure, aka fasa bisa faifai, ga tsutsotsi kore a sandare, ga wani ɗan fari maƙale jikin ɗaya. Ta fiddo gilashin ƙara girma daga jaka ta miƙa masa. Daga nan taron ya fita hannun kowa. Gilashi uku ne kawai, mutum ya fi ɗari. Aka kawo zangarniya mai zane aka tsaga, aka zaro murzunar, kowa yana so ya ga bakinta. Maigari da kansa ya riƙe kwalbar ƙwarin ya daɗe yana kallo, ya ce, ikon Allah, wannan ɗan abin. (Ma'aikatan da ke karanta mu, waɗanda ke yin zanzaro da riga kowace safiya kafin su tafi buro, yanzu sun san mai sunan ba abin rainawa ba ne.)

Tambayoyin da suka biyo baya sun fi na ɗakin jarrabawa wuya. Wata tsohuwa daga wajen danga ta ɗaga murya ta ce, in ya gama da murzuna, ba zai juyo kan jikokinta ba? Aka ce mata, Inna, ba ya harbin mutum ko dabba. Ta ce to rumbu fa, in ya shiga? Aka ce in ya shiga rumbu alheri ne, don tsaba ba ta dame shi ba, tsutsar da ke cin tsabar yake nema. Wani ya ce yana da sauran fiya-fiya da ya sayo a kasuwa, ko ya haɗa biyu don aiki ya yi ƙarfi? Ɗaliban suka ce a'a da baki ɗaya: maganin da bai kai ga murzuna cikin maɓoyarta ba, shi ɗan ƙwaron da ke yawo a fili take zai kashe shi.

Sai wani magidanci, wanda tun farko bai ce uffan ba, ya yi gyaran murya. Ya ce shi ba baƙon abin nan ba ne. Shekarun baya an taɓa rataya irin buhunan nan a garin surukansa, ya gani da idonsa, hatsinsu ya yi kyau shekarar. Shekara ta gaba ba wanda ya komo, murzuna ta komo. Ya ce: «Ku ɗiyanmu ne, mun gode. Amma ku gaya mana gaskiya: baɗi za ku zo?»

Ba wanda ya amsa da sauri. Daga baya babban ɗalibin ya ce shi bana yake gama karatu, ba zai yi alkawarin abin da ba ya hannunsa ba. Na ga girmansa a nan fiye da lokacin da yake zuba Faransanci.

Da la'asar aka raba buhunan kashi biyar, uku-uku: kashi ɗaya tsakiyar gari, sauran gabas da yamma da kudu da arewa, aka rataya su ƙarƙashin rufin rumbuna da rassan itace inda ruwa ba zai jiƙa su ba, aka damƙa kowane kashi hannun mutum guda. Daga nan ƙwarin kan bazu kilomita uku zuwa biyar kowace fuska. Awon da aka yi a gonakin Nijar, aka buga a 2014, ya nuna zangarniyar da ta sami wannan kariya tana fin wadda ba ta samu ba tsaba da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya ga Maraɗi a shekarar 2005, lokacin da tiyar hatsi ta gagari talaka, asibitocin yara suka cika, ya san abin da kashi ɗaya cikin uku yake nufi a gidan mai ɗiya takwas.

Mun kwana garin. Bayan isha muna zaune bisa tabarma ana shayi, na tambaye su me suke kiran wannan sana'a tasu. Ɗayan ya ce a takarda dai ilimin noma ne, amma a manyan jami'o'in waje akwai fanni guda da ake kira injiniyancin halittu, wato sa abu mai rai ya yi maka aikin da da inji ko magani zai yi, ko ƙera kayan aiki don abu mai rai. Ya ba ni labarin wani malamin wannan fanni a jami'ar Stanford ta Amurka, Manu Prakash, wanda shi da ɗalibinsa suka fito da madubin ganin ƙananan halittu na takarda a 2014, ana naɗe shi kamar wasiƙa, kayan haɗinsa ba su kai dalar Amurka guda ba, yana ƙara girman abu sau 140, an kuma rarraba shi ga ƴan makaranta a ƙasashe da dama. Ya ce da yana da guda ashirin yau, da yaran garin nan ba su yi barci ba. Ina ganin gaskiyarsa. Yaran da suka yi ta kokawa kan gilashi uku, wasu cikinsu ba su taɓa shiga aji ba, amma ba wanda ya koya masu yadda ake kallo.

Tambayar magidancin nan ce ta hana ni barci, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Ɗan ƙwaron ba ya ƙetare rani da yawa, domin wata takwas ba tsutsar da zai ci a daji. Dole kowace shekara a sake sakinsa, kuma cikin ƴan kwanakin da hatsi ke fid da kai, in an makara an yi aikin banza. Ɗalibi kuwa baƙo ne, shekara biyu ko uku ya rubuta kundinsa ya tafi neman aiki. Kuɗin poroje su ma baƙi ne. Hukumar USAID, wadda ta taɓa ɗaukar nauyin wani sashe na wannan bincike, gwamnatin Amurka ta rufe ta a 2025. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ranar da maƙwabci bai ɗora ba da yunwa zai kwana.

Alhazan Maraɗi sun san wani labari mai kama da wannan, don da hannunsu aka ƙarasa shi. Ina nufin buhun wake mai riɓi uku, wanda ake kira PICS. Asalinsa bincike ne da Farfesa Larry Murdock na jami'ar Purdue ta Amurka ya soma tare da masu binciken arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, a ɗaure kowane dabam. Ƙwaron wake ya shanye ƴar iskar da ke ciki, ya daina ci, ya bushe ya mutu, ba a sa ko ƙwayar magani ɗaya ba. Dabarar ta yi kusan shekara ashirin ba ta yi nisa ba. Sai a 2007, da kuɗin gidauniyar Bill Gates, aka bi ƙauyuka dubbai ana cika buhu gaban jama'a, a komo bayan wata huɗu ko shida a kwance shi gaban jama'a, kowa ya damƙi waken ya ga ba huji. A Nijar ma INRAN ta Maraɗi ce ta riƙe ragamar gwajin. Amma abin da ya tsai da shi da ƙafafunsa shi ne ranar da masana'anta a Kano ta soma ƙera shi, ƴan kasuwa suka saro, ya zama haja a rumfa kamar gishiri. Nijar ita ce ta biyu a duniya wajen noman wake bayan Nijeriya, kuma wanda ya iya ajiye wakensa daga kaka zuwa bazara ba tare da Phostoxin ba, ya san ribar da ke tsakani.

Sai dai kada in ruɗe ku, buhun ƙwari ya fi buhun leda wuyar sha'ani ta fuska biyu. Ta farko mun gan ta gindin bedi: haja ce mai rai, ba ta kwana sito, ba ta jiran farashi ya tashi, kasuwarta mako uku ce ko huɗu a shekara, amma kiwon tsutsar sai an soma shi watanni kafin nan. Ta biyu ta fi tsauri. Ɗan ƙwaron bai san iyakar gona ba. In Malam Wane ya saya ya rataya, gonar maƙwabcinsa da bai ba da ko dala ba ita ma ta tsira. Kowa sai ya jira wani ya saya. Saboda haka ba haja ce ta mutum ɗaya ba, ta gari ce, sai an yi karo-karo kamar na gyaran rijiya, ko ƙungiyar manoma ta saya wa membobinta, ko kwamin ta sa shi cikin kasafinta. An gwada kafa ƙananan wuraren kiwo a hannun ƙungiyoyin ƙauye, har da na mata, masana tattalin arziki kuma sun yi lissafi sun ga sana'ar tana iya riƙe kanta in wuri guda yana sayar wa garuruwa da yawa. A ganina nan ne ɗan kasuwa ke da wurin shiga, shi da ya san kowane ƙauye da ranar kasuwarsa, yake da mota mai zuwa can ko da ƙwari ko babu. Ma'aikacin gona na gwamnati shi ma yana da nasa: shi ya san ranar da hatsin kowane yanki ke fid da kai, kuma shi ne zai iya hana a yi feshi inda aka rataya buhu. Yaran nan da ke fita jami'a da digiri ba aiki, su ne suka san kiwon. Kowane cikin ukun yana riƙe da abin da sauran biyun ba su da shi, ban kuwa ga inda suke zama tabarma ɗaya ba.

Da safe muna haɗa kaya, yara sun kewaye rumbun tsakiyar gari suna leƙen buhunan, ko da yake an gaya masu sai bayan mako guda. Yarinyar nan ta bar wa mushen lakwal ɗin garin gilashi ɗaya cikin ukun, ta ce na aljihunta ne, ba na jami'a ba. Tsohon jiya ya zo da ƙwan zabi cikin ƙwarya ya ba ta, ya ce na ƙanwar zanzaro ne. Sunan ya bi ta har cikin mota.

Direba ya tayar da inji ke nan maigari ya aiko a tsai da mu. Ya taho da kansa, da magidancin nan mai tambaya a bayansa. Ya ce sun yi shawara da dare bayan mun kwanta. In abin ya yi kyau bana, ba za su jira a kawo masu kyauta ba, kowane gida zai fid da tiya guda da kaka a sayar a ajiye kuɗin. Abu biyu yake so ya sani: nawa ne buhu 15, kuma wurin wa za su aika a Maraɗi in watan ya kama.

Ɗaliban suka dubi juna. Babbansu ya ce, ranka ya daɗe, zai tambayo malaminsu ya aiko da amsa. Maigari ya juyo gare ni, ya ce an gaya masa ni mai rubutu ne a jarida, kuma alhazan birni suna karantawa. Na ce haka ne. Ya ce to in tambayar masa su.